Ranar da Aka Sare Maɗacin Yarima Ranau

A shekara ta tara da hawan Sarki Mantau gadon sarautar Zankwai, ana tsakiyar damina, gari ya waye aka tarar da birai jere a kan ganuwa. Daga Kurmin Dunƙu suka fito, suka zauna suka juya wa kurmin baya. Ba mai kuka a cikinsu, ba mai neman abinci. Aka jefe su da hoge, ko motsi ba su yi ba. Matan da suka je ɗibar ruwa kuma suka dawo suna tofar da yawu, suna cewa ruwan rijiya ya yi ɗaci.

Ganuwar Zankwai ta yamma ba ta wuce ƙirjin mutum ba, don ba a taɓa bukatar ta fi haka ba. Kurmin Dunƙu shi ne ganuwar. A ƙasar nan in aka haifi jariri, ba a binne mabiyiyarsa a bayan ɗaki. Sarkin Dawa ake miƙa wa, ya shiga da ita kurmi ya binne a gindin wani itace. Daga ranar kurmin ya san wannan yaro, duk inda ya sa ƙafa hanya za ta buɗe masa. Baƙo kuwa in ya shiga, hanya ta rufe, saiwoyi su kama masa ƙafa, ba a sake jin labarinsa. Sai fa in ɗan gari ya riƙe shi, ko ya riƙe abin da baƙon ke riƙe da shi. Da haka fatake ke ratsawa, hannu cikin hannu.

Hantsi bai gama dubawa ba aka buga tambari, fada ta cika. Galadima Anaruwa ya zauna dama da Sarki, Madawaki Cindo hagu. Can ƙasa kusa da ƙofa Sarkin Dawa Barmo ya zauna, dattijo ne mai ciwon gwiwa, ya miƙe ƙafar guda don ba ta tanƙwaruwa.

Aka shigo da wani maharbi, laka har cinya. Ya faɗi ya yi gaisuwa.

Galadima ya ce, "Sarki ya amsa. Faɗi abin da ka gani, kada ka ƙara, kada ka rage."

Maharbin ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, daga mashigin Baƙin Rafi nake. Shugabanmu Nomau ya aiko ni. Mayaƙan ƙasar Ƙurmasa sun shigo kurmi. Mun ƙirga har dubu uku muka bari."

Madawaki ya yi dariya. "To ai sun hutar da mu. Kurmi ya samu kalaci."

"Ranka ya daɗe, kurmi bai taɓa su ba. Igiya suka zo da ita ta fatar sa, tsawonta ba a ganin ƙarshe, kowane mutum ya riƙe ta da hannun hagu. Bakin igiyar yana ɗaure a ƙugun mutum ɗaya, shi ne a gaba. Itatuwa na kauce masa."

Sarki bai ɗaga kai ba ya ce, "Wane ne?"

Maharbin ya dubi ƙasa. "Zaki, ƙaninka ne. Yarima Ranau."

Shekara tara ke nan da Ranau ya nemi sarauta ya rasa, ya ja takobi a cikin fadar nan, aka kore shi daga ƙasa. An ƙone gidansa, an hana ambaton sunansa. Abin da ba wanda ya tuna shi ne mabiyiyarsa tana nan a kurmi inda aka binne ta.

Sarki ya ce, "Maharba nawa ke mashigin?"

"Ɗari uku, Zaki. Nomau ya ce zai riƙe su har rana ta karkata. Bayan nan bai yi alkawari ba."

Madawaki ya gyara zama. Dariyar ta tafi. Ya ce, "Allah ya ƙara wa Sarki nasara, in mutanen nan suka haye rafi, kafin magariba suna gindin ganuwar da akuya ke tsallakewa. Mayaƙanmu suna gabas, kwana biyu tsakaninmu da su. Magana ɗaya ce. A sare itacen Ranau. Itace na faɗuwa kurmi ya manta da shi, da shi da duk wanda ke riƙe da igiyarsa."

Galadima ya ce, "Tun da aka kafa garin nan ba a taɓa sare itacen mutum yana da rai ba."

"Tun da aka kafa shi kuma ɗan gari bai taɓa jawo mana dubu uku a igiya ba, Galadima. Ko za ka fita ka yi musu nasiha?"

Duk ido ya koma kan Barmo, don shi kaɗai ya san wane itace ne na wa.

Sarki ya ce, "Sarkin Dawa, ka san itacen?"

"Na san shi, Zaki. Maɗaci ne. Mutum huɗu ba sa kewaye shi da hannu."

"In an sa masa gatari yanzu, yaushe zai faɗi?"

"In masassaƙa goma ne, suna karɓa-karɓa, zuwa la'asar."

Madawaki ya ce, "To me ake jira? Tsoho, tashi mana. Ko gwiwar ce ta hana?"

Barmo bai tashi ba. Nomau, shugaban maharban da ke mashigi, ɗansa ne na fari. Tun da aka haife shi Barmo bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa tambayar lafiyarsa a gaban mutane ba, don abin kunya ne uba ya nuna kula da ɗan fari. Yanzu ga fada cike, ba damar ya roƙa masa.

Galadima ne ya cece shi. Ya matsa kusa da Sarki ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai abin da dattijon nan ba zai iya faɗa da bakinsa ba, ni zan faɗa. Ba a binne mabiyiyar ɗan sarki ita kaɗai. Al'ada ce tun ta kakanni, sai an haɗa ta da ta wani yaron da aka haifa a makon, don ɗan sarki ba ya kwana babu bara a gefensa. Makon da aka haifi Ranau, a gidan Barmo aka yi haihuwa. Rami ɗaya aka sa su. In maɗacin nan ya faɗi, kurmi zai manta da mutum biyu, kuma ɗayan yana tsaye a tsakiyarsa yanzu yana tare mana abokan gaba."

Sarki ya ɗago kai ya dubi Barmo. "Haka ne?"

"Haka ne, Zaki. Da hannuna na haƙa ramin."

Galadima ya ce, "A aika a janye Nomau ya fito fili, sannan a sara."

Madawaki ya girgiza kai. "A janye shi wa zai riƙe mashigi? Maharban nan shi suke kallo. Yana juya baya za su watse, Ranau ya haye kafin gatari ya ci rabin itacen. Ni ba ƙin yaron nake ba, wallahi ba ni da kamarsa. Amma mutum ɗaya ne, ga gari."

Aka yi ta kai da komowa, murya na hawa. Sarki ya ɗaga hannu, kowa ya kame.

Ya ce, "Nomau ba zai bar mashigi ba. Itace kuma za a sare shi. Kai maharbi, koma da gudu ka gaya wa shugabanku, daga yanzu kada ya yi nisa da mutanensa. In ya ji faɗuwar itace, ya kama hannun wanda ke kusa da shi, kada ya saki har su fito. Kurmi ya san sauran, za su fito da shi kamar yadda ake fito da baƙo." Ya juya ga Barmo. "Sarkin Dawa, sara na farko naka ne, ba mai yi sai kai. Za ka yi?"

Barmo ya sa goshi a ƙasa. "Zan yi, Zaki. Alfarma ɗaya nake roƙo. In na yi saran, a bar ni in bi bayan maharbin nan."

Madawaki ya ce, "Da wannan ƙafar? Kafin ka isa ai an yi girbi."

Sarki ya ce, "Bayan sara, ƙafarka taka ce."

Barmo ya shiga kurmi da masassaƙa goma. Bai taɓa jin wurin haka ba. Ba kukan tsuntsu, ba ƙarar gyare, sai ɗigar ruwa daga ganye. Hanya na buɗe musu kamar kullum, amma a hankali, kamar mai buɗe ƙofa ba da son ransa ba. Masassaƙan suka matsu da juna.

Da suka isa, Barmo ya tsaya gaban maɗacin ya daɗe. Ga tudun nan a gindinsa, ciyawa ta rufe. Ya tuna ranar da ya durƙusa a nan da ƙwarya biyu, yana murna a ɓoye don an haɗa nasa da ɗan sarki. Babban masassaƙan ya miƙa masa gatari ya ce, "Baba, rana na tafiya."

Ya karɓa, ya ɗaga, ya sara. Gatarin ya nutse ya tsaya. Wani jan ruwa mai kauri ya gangaro daga bakin saran, kuma ganyen duk itatuwan da ke kewaye suka kaɗa lokaci guda, alhali babu iska. Masassaƙi ɗaya ya yar da gatarinsa ya ja da baya.

Barmo ya ce, "Ɗauki abinka. Ba ku kurmi zai taɓa ba, ya san ku. Ku sara, kada ku huta." Ya juya zai tafi, ya sake juyowa, ya rage murya. "Amma kada ku yi gaggawar da ta wuce kima."

Ya kama hanyar Baƙin Rafi yana jan ƙafa. A bayansa gatura suka fara, kaf, kaf, kaf. Duk nisan da ya yi bai daina jinsu ba, kamar kurmin ne ke ɗauko sautin yana kawo masa kunne. Ya faɗi sau biyu. Gwiwar ta kumbura har wando ya matse ta. Yana tafe yana lallashin kansa, cewa maharbin nan matashi ne, ya daɗe da isa, yaron kuma mai jin magana ne, yanzu haka yana tsakiyar mutanensa. Sai kuma wata zuciyar ta ce, in kibiya ta sami maharbin a hanya fa? In yaron ya ga abin kunya ne a riƙe masa hannu a gaban mayaƙa fa? Ya san halinsa. Ya ƙara sauri.

Rana ta karkata lokacin da ya ji ihun yaƙi. Ya iso gaɓar rafi ya tarar da maharban Zankwai kwance a bayan itatuwa, kwarinsu ya kusa ƙarewa. Gawarwakin mutanen Ƙurmasa sun tare ruwan har ya canza hanya. Ya duba dama, ya duba hagu. Sai ga maharbin da aka aiko ya rarrafo wurinsa, fuskarsa duk hawaye.

Barmo ya ce, "Ina shugaban naku?"

"Baba, ban same shi ba. Kafin in iso Yarima ya sa aka daina harbi, ya kira shi da suna daga tsallake, ya ce ya zo su yi magana su biyu, albarkacin tare suka tashi. Shugaba ya ce wa mutanenmu kibiyoyi sun yi kaɗan, in ya je ya ja shi da zance zai saya mana lokaci. Ya ajiye bakansa ya haye. Yana hawa gaɓa suka rufa masa."

"Yana da rai?"

"Mun ji muryarsa ɗazu yana zaginsu."

Barmo bai ƙara tambaya ba. Ya gangara cikin rafin. Maharbin ya kama masa riga, ya fizge. Ruwa ya kai masa ƙirji, yana taka gawa yana zamewa. Ba wanda ya harbe shi daga tsallake, abin ma ya ba shi tsoro fiye da in an harba.

Yana kama gaɓa ya ji gatura sun tsaya. Sai wata doguwar ƙara, sannan ƙasa ta girgiza.

Duhu ya rufe kurmin tun rana ba ta faɗi ba, don rassa sun haɗe a sama. Ƙasa ta tsattsage, saiwoyi suka ɓullo kamar macizai. Barmo ya ji kururuwar mutum dubu uku a lokaci guda. Ya ga wani ƙato da sulke, saiwa ta naɗe masa ƙafafu tana jansa ƙasa, yana sara da takobi, takobin na tsalle. Ya ga wani kuma, kurangar daji ta shaƙe shi ta ɗaga sama, ƙafafunsa na harbawa. Shi kuwa Barmo duk inda ya nufa saiwoyin na janyewa su ba shi wuri.

Yana tafe yana leƙa fuskoki. "Kai! Kana ina? Kai, yi magana!"

"Baba!"

Ya gan shi a gindin wata kuka. Ƙasa ta haɗiye Nomau har ƙugu, saiwa mai kaurin cinya ta zagaye masa ƙirji tana matsewa, jini na fita ta hancinsa. Barmo bai duba komai ba, bai ga kowa ba. Ya faɗa kansa ya damƙi hannunsa na dama da hannu biyu.

Nomau ya ce, "A'a! Baba, kada ka taɓa ni!"

Ya riga ya taɓa. Saiwar ta saki. Ƙasa ta yi laushi, ta turo Nomau waje. Barmo ya rungumo shi yana haki, yana shafa masa ƙirji ya ji ko haƙarƙari ya karye.

Sai ya lura kururuwar tana raguwa. Ta fara mutuwa daga kusa da shi, tana tafiya baya, baya, har can inda ido ba ya kaiwa. Rassa suka buɗe, haske ya sauko.

Wata murya ta ce, "Sannu da zuwa, Baba Barmo. Ka daɗe a hanya. Har na fara tsoron gwiwar ta kayar da kai."

Barmo ya ɗaga ido. Yarima Ranau ne ke fitowa daga ramin da ke gefen na Nomau, yana karkaɗe ƙasa daga gemunsa. An buga mari na ƙarfe a hannun hagu na Nomau, ɗaya bakin marin yana hannun Ranau. A ƙugun Ranau kuwa igiyar fata na nan ɗaure. Barmo ya bi ta da kallo. Mutane na tasowa daga ƙasa ɗaya bayan ɗaya, suna tari, suna lalubar masu, kowa hannunsa na hagu a kan igiya.

Ranau ya ce, "Na san yayana. Na san Cindo zai ce a sare, shi kuma zai yarda. Na kuma san ramin da aka sa ni ba ni kaɗai ba ne a ciki. Na gaya wa mutanena, komai ya kama ku kada ku saki igiya, akwai mai zuwa. Na yi asarar kamar ɗari huɗu saboda jinkirinka, amma na yafe."

Wani mayaƙi ya ɗora kaifin mashi a wuyan Nomau. Barmo ya laluba ƙugunsa da gwiwar hannu, babu ko wuƙa. Gatarin ma yana can jikin maɗaci.

Nomau ya ce, "Baba, dube ni. Sake hannuna. Kana saki kurmi zai gama da su duka, ko mutum ɗaya ba zai fita ba."

"Har da kai."

"Har da ni. Ai don haka aka aiko ni nan. Akwai mata da yara a garin can, Baba. Jikokinka na ciki."

Ranau ya ce, "Gaskiya ya faɗa, tsoho. Ba mai hana ka. In mun kashe ka ma mun kashe kanmu. Buɗe yatsunka kawai, ka tsaya ka kalli yadda ƙasa za ta shiga bakinsa."

Nomau ya fara murɗa hannu yana ƙoƙarin zamewa. Barmo ya ji yatsun na sulɓewa cikin laka da jini. Ya ga wata saiwa ta ɗago kai kusa da ƙafar yaron tana jira. Ya ce wa kansa zai saki. Ya ce wa hannunsa ya buɗe. Hannun ya ƙara damƙewa har farce ya shiga nama.

Nomau ya ce, "Baba, don Allah."

Barmo bai iya dubansa ba. Ya juya fuska gabas, wajen gari.

A birni an ji faɗuwar maɗacin, an kuma ji kururuwar da ta biyo baya. Madawaki ya sa aka buga gangar nasara, mata na guɗa a kan soraye. Sarki Mantau ya fito da kansa ya tsaya a ganuwar yamma da hakimansa, suna jiran maharba su fito a yi musu barka.

Rana na gab da faɗuwa bakin kurmi ya motsa. Itatuwa suka ja gefe, hanya ta buɗe mai faɗin da ba a taɓa gani ba. Maharba suka fara fitowa a guje, ba baka a hannunsu, suna ɗaga hannu suna ihu, amma ganga ta hana a ji abin da suke cewa.

Madawaki ya ce, "Ku dube su, murna ta hana su tafiya a tsanake."

Galadima ya kare ido da tafin hannu ya daɗe yana kallo. Sannan ya juya ya daka wa makaɗa tsawa, ganga ta tsaya.

Sarki ya ce, "Mene ne, Galadima? Su wane ne a bayansu?"

Galadima ya ce, "Zaki, a rufe ƙofa, a kwashe mata zuwa gabas. Masu ne ke tafe, ba su da iyaka."

"Ta yaya? Ranau ba shi da itace! Wa ya buɗe musu?"

Galadima ya nuna da yatsa. A gaban rundunar wani dattijo ne ke tafe yana jan ƙafa, kansa a sunkuye, ya riƙe hannun wani mutum da ke turjewa yana kuka.

Ya ce, "Sarkin Dawa ne, ranka ya daɗe. Ya samo ɗansa."